Isyaku Mai Wankin Hula da Gidajen Kalmomin Turanci

Har yau a Dala akwai masu rantsuwa cewa Isyaku mai wankin hula ya wanke ƙamus na Turanci ya shanye. Wai a kasuwar Kurmi ya samo shi, ƙato kamar bulo, ya jiƙa shi kwana uku a bahon wankin hula, ya tace da rariya, ya zuba zuma, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin baho. Wai tun daga ranar ko atishawa ya yi da Turanci take fita. Wata tsohuwa a Kabara ma ta ce da idonta ta ga harufa suna yawo a ƙarƙashin farcensa kamar kiyashi.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ni taubashinsa ne, shi ɗan gwaggona, kuma in gaskiya ake so, rabin labarin nan daga bakina ya fita a wani zaman suna, sauran rabin jama'a suka ƙarasa da kansu. Ƙamus ɗin yana nan da ransa a soron Isyaku, bangonsa ne kawai ya fita. Zuma kuwa ko kyauta ka ba shi ba ya sha, haƙori take tayar masa.

Abin da ya faru na gaskiya ya fi wannan ban haushi.

An haifi Isyaku a bayan dutsen Dala, kuma ungozoma ta ce ko kukan farko bai yi kamar na jarirai ba, kamar mai tuhuma ya yi shi. A soron mahaifinsa, Malam Ɗalha, ya yi karatu. Ya sauke, ya haddace, kafin ya cika shekara ashirin da biyar ya rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara, a warƙoƙin takarda marasa ɗinki irin na mutanen da. Boko kuwa ko ƙofarta bai taɓa leƙawa ba. Wankin hula ya gada a wajen ƙanen babansa, kuma ya iya. In ya wanke maka zanna, ya sa mata ƙaro, ya kafa ta a itace ta bushe, sai ka rantse yau ta fito daga Borno. Amma ka kuskura ka tambaye shi ko ta bushe kafin lokacin da ya ce maka, za ka tafi gida kai babu hula, kunne cike da magana.

Wata rana da hantsi, shekara goma sha takwas ke nan, wasu samari masu zagayawa gida-gida da takardar tambayoyi suka tsaya a ƙofar soronsa. Suka tambayi suna, suka tambayi iyali. Sai ɗayan ya ce, "Malam, ka yi makaranta?"

Isyaku ya ce ya yi. Ya faɗi sauka, ya faɗi hadda, ya faɗi rubutu.

Saurayin ya ce, "A'a, makaranta nake nufi."

Ya ja biro ya yi alama a gidan ƙarshe na takardar. Isyaku ya ce a karanta masa abin da gidan ya ce. Saurayin ya ce, ba tare da ya ko ɗago kai ba, "Bai yi karatu ba."

Waɗanda ke wurin sun ce buroshin da ke hannun Isyaku sai a kan rufin maƙwabta aka tsinto shi. Samarin suka bar layin da gudu, gida huɗu ba su shiga ba. Washegari Isyaku ya sa riga ya tafi Kurmi ya sayo ƙamus, na Turanci zuwa Hausa, ya biya wajen wani tela da ya yi firamare ya ce ya nuna masa harufan nan nasu. Sati biyu ya gama da su. Ya ce guda ashirin da shida ne kacal, kuma ba su da ko wasali na kirki, a kan wannan ake raina mutane.

To, daga nan kowa ya zaci zai kama daga shafin farko ne ya bi a hankali. Isyaku bai san wannan hanyar ba. Hanyar da ya sani ita ce ta masu hadda, waɗanda ke tara kalmomi masu kama da juna wuri guda don kada harshe ya zame daga wannan ya faɗa waccan. Sai ya shiga ƙamus yana farautar kalmomin da suka yi tarayya a harufa, yana ware su gida-gida, kamar mai unguwa yana lissafin zuri'a. Kowace kalma da ma'anarta da Hausa a gabanta, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, a warƙa mara ɗinki. Littafin rubutu mai layi-layi ya ce na yara ne.

Kuma kowane gida yana da ra'ayi a kansa. In ka kawo hula ka yi rashin sa'a ka tarar da shi cikin nishaɗi, sai ka ji labarinsu.

"Ka ga mutanen gidan sn? Duk harkar hanci ce. Sneeze atishawa, sniff shinshina, snore minshari. Ba su da wata sana'a. Gidan gl kuwa 'yan ƙyalƙyali ne, glow, gleam, glitter, kamar matan biki. Amma ka yi hankali da gidan str. Strong, strike, strict, strangle. Ƙarfi, duka, tsanani, shaƙewa. Ko maƙwabtaka kada ka yarda ka yi da su."

Gidan da ya fi ba shi haushi shi ne na ight. Ya ce light haske ne, night dare ne, an haɗa su ɗaki ɗaya, ai dole fight ta biyo baya.

Matarsa 'Yardada ta sha fama. Warƙoƙi sun cika akwatin aurenta, sun cika ƙarƙashin gado, sun fara gangarowa soro. Ranar da ta ɗauki guda ɗaya ta kare fitila daga iska, sai da gwaggona ta shiga tsakani. Ta ce masa, "Malam, wai Baturen nan da kake wa wannan wahala, ya san kana yi?" Ya ce ba don Bature yake yi ba, don wani yaro mai biro yake yi. Ta ce yaron nan yanzu ai ya yi jikoki. Ya ce to su ma su shirya.

Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki babu wanda ya taɓa ce masa sannu. Mu dangi dariya muke yi, ni ne ma limamin masu dariyar. Shi ya sa ranar da Malam Nu'uman ya yabe shi, Isyaku ya narke kamar man shanu a rana.

Malam Nu'uman shi ne hedimasta a wata makarantar al'umma da mutanen unguwa suka gina da kansu. Mutum ne mai tsabta, mai tabarau, mai biro uku a aljihu, kuma in yana Hausa sai ya riƙa tsayawa yana neman kalma kamar baƙo ne a garin, alhali a Goron Dutse aka yanke masa cibiya. Hula ya zo karɓa, ya tarar da warƙoƙi an baje a tabarma ana shanya tawada. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki biyu, ya gyara tabarau.

"Malam Isyaku, wannan duk kai ka yi? Ai wannan abin da yaranmu suke buƙata ke nan. Ka ba ni in kai wa kwamiti su duba. Wataƙila ma a ba ka aji ranar Asabar."

Isyaku, wanda ko allura ba ya ba da aro, ya shiga ciki ya zaɓo warƙa ɗari biyu da arba'in, mafi kyawun gidajensa. Hedimasta ya zuba su a baƙar leda kamar tumatir, ya rataya a hannun babur. Isyaku ya ce tun a nan gabansa ya faɗi, amma kunyar yabon da aka yi masa ta hana shi magana.

Wata ɗaya, ana dubawa. Wata uku, ana dubawa. Wata biyar, hedimasta ya daina kawo hula wanki, in ya hango soron Isyaku sai ya bi ta wani lungun. 'Yardada ta ce, "Ka je ka karɓo kayanka mana." Ya ce masu ilimi ba a gaggauta su. Ku ji fa, Isyaku ne da bakinsa yake cewa kada a yi gaggawa.

A wata na bakwai Alhaji Garba ya zo. Shi ne shugaban kwamitin makarantar, ɗan kasuwa ne mai sayar da fata, mutumin kirki, sai dai bai san komai a kan warƙoƙin nan ba, don ba a taɓa kai wa kwamiti su ba. Ya ajiye hulunansa uku, ya zaro wani ɗan littafi mai koren bango daga aljihu yana murmushi.

"Malam Isyaku, kai da kake son Turanci, ga abin da zai burge ka. Hedimastanmu ne ya wallafa. Guda ɗari uku aka buga, ranar bikin ba da kyaututtuka za a raba wa yara. Ka ga irin aikin da masu ilimi ke yi? Ka riƙe wannan, ka ƙaru."

Isyaku ya goge hannu ya karɓa. A bango, da manyan harufa, sunan Malam Nu'uman da jerin takardun shaidarsa a bayansa. Ya buɗe. Gidan sn. Ya juya. Gidan gl. Ma'anonin nan nasa ne kalma da kalma, har inda ya fassara glare da "kallon da uwar miji ke yi wa tuwon da bai nuna ba". Ya duba gaba, ya duba baya, ya duba ƙasan bango inda ake sa ƙananan rubutu. Babu Isyaku ko na rantsuwa.

Alhaji Garba ya ce bai taɓa ganin baƙin mutum ya koma toka-toka a gabansa ba sai ranar. Isyaku bai yi ihu ba. Wannan ne ya firgita kowa. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, yaushe kwamitinku zai zauna?"

"Asabar da safe. Lafiya?"

"Ka ajiye mini kujera."

Kwana biyu hulunan Dala suka yi a jiƙe babu mai taɓa su. Isyaku yana zaune da koren littafi yana bi layi-layi, yana huci kamar zugazugin maƙera. Abin da ya gano a ciki ya ƙara masa wuta. Ba sata kawai aka yi ba, an kuma hargitsa masa gidaje. Warƙoƙin ba su da lamba, ledar ta cakuɗa su, mai buga rubutu a na'ura ya bi su yadda ya tarar. Rabin gidan str yana farko, rabinsa yana can ƙarshe a cikin 'yan ƙyalƙyali.

Ranar Asabar ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na bi shi, don irin wannan ba a ba ka labari. Kwamiti mutum bakwai a aji ɗaya, sun matse a bencin yara, har da liman Malam Musbahu, tsoho mai shekara kusan tamanin wanda ko harafin boko ɗaya bai sani ba. Hedimasta na ganin Isyaku ya cire tabarau ya mayar.

Isyaku ya yi sallama, ya ajiye littafin a tebur, ya ce, "Wannan aikina ne. An ɗauke shi daga sorona a leda, an sa sunan wani."

Hedimasta ya yi 'yar dariya.

"Alhaji, da girmamawa, kalmomin Turanci ba na kowa ba ne. Suna cikin kowane ƙamus. Gaskiya ne na ga wasu 'yan takardu a wajen Malam Isyaku, na kuma yaba masa don ƙarfafa gwiwa. Amma wannan bincikena ne na shekaru. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba..."

"Na zauna yau," in ji Isyaku. "Buɗe shafi na bakwai."

Alhaji Garba ya buɗe.

"Can ƙasa. Akwai kalma ita kaɗai, babu ma'ana a gabanta. Mece ce?"

"Snore."

"Me ya biyo ta?"

"Light, night..."

"To, Malam mai bincike, me minshari yake yi shi kaɗai a ƙofar gidan haske, tsirara, babu fassara?"

Hedimasta ya ce aikin gida ne, da gangan ya bar ta don yara su nemo ma'anar da kansu. Sabuwar hanyar koyarwa ce.

"Sabuwa ce? Madalla. Alhaji, tafi shafi na talatin da ɗaya, tsakiya. Za ka tarar da snore da ma'anarta, sai snort, sai snout. Haka ne ko ba haka ba?"

Alhaji Garba ya lashi yatsa ya juya. Ya ce haka ne.

"Wane irin aikin gida ne ake ba yaro amsarsa tana cikin littafin? Shafi na goma sha biyu, akwai wata ita kaɗai, strike. Ci gabanta yana shafi na hamsin da takwas. Shafi na sha tara, float. Ci gabanta yana baya, shafi na huɗu. In ci gaba? Sun fi ɗari biyu. Ka faɗa wa mutanen nan mene ne su, tunda kai ka rubuta!"

Hedimasta ya ce wataƙila kuskuren na'ura ne. Ya ce yaran da ke shagunan buga takardu ba su da kula. Gumi ya fara bin gefen hularsa, hular da ko wankin kirki ba ta samu ba wata biyu.

Sai Malam Musbahu ya ɗaga sandarsa kaɗan. "Ku dakata. Ni ban san abin da kuke karantawa ba. Amma ku gaya mini, kalmar nan ita kaɗai take zuwa, a ƙarshe?"

Aka ce e.

"Kuma sai a tarar da ita ce ta buɗe wani wurin?"

Aka ce e.

Tsoho ya fashe da dariya har da tari. "Haba jama'a! Ai wannan namu ne. Duk wanda ya taɓa rubutu a warƙa mara ɗinki ya san shi. In ka cika warƙa, sai ka rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a can ƙasa, a gefe, don in iska ta watsa maka su ka san wace ke bin wace. Mu ba ma sa lamba, da wannan muke jerawa. Shi mai na'urar bai sani ba, ya kwashe har da su ya buga." Ya juya ya dubi hedimasta. "Nu'umanu, ni na yi maka huɗuba ranar da aka haife ka. A soron wa ka koyi rubutun warƙa ban sani ba?"

Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya ce innalillahi a hankali. Alhaji Garba ya miƙe, benci ya biyo shi, ya ce a buɗe kabad ɗin ofis yanzu-yanzu. A can aka tarar da ledar, ƙarƙashin butar shayi. Warƙar sama ta sha da'irar gindin kofi har uku. Isyaku ya ƙirga a gaban kowa. Goma sha ɗaya babu.

A nan ne ihun da ya riƙe kwana biyu ya fito. Masu Adaidaita a bakin titi sun ce sun zaci gini ne ya rushe.

"Shekara goma sha bakwai! Kai ka san yadda ake dafa tawada? Ka san yadda ake fiƙe kara? Ka ɗora mini shayi a kan gidan fl! Da ka ce in ba ka, wallahi da na ba ka, yara ne za su karanta. Amma ka share ni kamar ban taɓa zuwa duniya ba, ka jera takardun shaidarka a kan gumina, sannan a kawo mini har sorona a ce in karanta in ƙaru?"

Alhaji Garba ya sunkuyar da kai, don wannan ta ƙarshen tasa ce.

Aka shiga ba da haƙuri. Hedimasta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce za a iya buga ƙaramar takarda a manna a ciki, a rubuta "tare da taimakon Malam Isyaku". Isyaku ya ce taimako shi ne ka riƙe wa mutum tsani, shi kuwa shi ya gina gidan tun daga tushe. Alhaji Garba ya ce to a sake buga bangon gaba ɗaya. Isyaku ya ce na'urar da ta raba 'yan gida ɗaya ba za ta sake taɓa masa aiki ba. A kai masa littattafan soronsa, duka ɗari ukun, yau.

Haka aka yi. A Adaidaita aka kawo su, kwali huɗu. Ajin Asabar da aka yi masa tayi a matsayin ban-haƙuri ya ce zai yi tunani, kuma har yanzu tunanin yake yi. Ya yanka farar takarda siri-siri, ya dama ƙaron da yake sa wa huluna, ya riƙa shafawa yana liƙe sunan hedimasta da takardun shaidarsa gaba ɗaya. In ta bushe sai ya tsoma kara a tawada ya rubuta a kai: Isyaku Ɗalha, Mai Wankin Hula, Dala. 'Yardada ta ce ya cire "mai wankin hula" ko don mutuncin littafin. Ya ce shi ne ma zai fi girma.

A rana ta uku na leƙa da la'asar. Ya kai ɗari da tamanin, littattafai sun bi bango suna shan iska inda huluna suka saba zama, masu hulunan kuma suna ta zarya kai babu komai. Fuskar nan a murtuke, don duk littafin da ya ɗauka sai ya buɗe ya ga hargitsin ya ja tsaki. Na zauna a gefen tabarma na ce, "Sannu Furofesa. Ashe ƙarshen ilimin ke nan? Shekara goma sha bakwai kana farautar kalmomin Turawa, ka ƙare da rubuta sunanka sau ɗari uku kamar ɗan aji ɗaya da aka yi wa horo."

Bai ɗago ba sai da ya ƙarasa harafin da yake ja. Ya busa shi, ya ajiye, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni na sami abin da zan ɗora sunana a kai sau ɗari uku. Kai naka, in ban da katin gayyatar cin shinkafa, a ina aka taɓa rubuta shi ko sau ɗaya? Tashi mini daga kan tabarma, ka zauna a kan na ɗari da saba'in da tara bai bushe ba."